Zariyar Da Ban Je Ba

Wata biyar da fita takabata maƙwabciyata ta ce min za ta koma gida. Shekara ashirin da wani abu katanga ɗaya ce tsakaninmu a Gyadi-Gyadi. Ma'aikaciyar jinya ce, duk layin Sista muke kiranta, kuma ita ta riƙa shigowa tana yi wa maigidana Malam allura har Allah ya karɓi abinsa. Ta yi ritaya, za ta tattara ta koma garinsu, can bakin teku gaba da Uyo.

"Hajiya, ki raka ni," ta ce. "Ki ga ruwan da nake ba ki labari, ki ci kifin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba."

Na ce to, ban ko yi shawara da zuciyata ba.

Babban ɗana yana Tarauni da iyalinsa. Tun rasuwar mahaifinsa ya naɗa kansa mai ba ni izini, ko kasuwa zan je sai ya ji dalili. Da ya samu labari ya zo har ɗaki, ya zauna a ƙasa cikin ladabi.

"Umma, mace kamarki, ki bi mota kwana da yini don cin kifi? Me za a ce?"

Na ce sanar da shi nake yi, ba tambaya ba. Ƙanena ya raka mu, muka tafi.

Da na ga tekun sai na tsaya ina ta kallo. Ni da babban ruwan da na sani shi ne madatsar Tiga. Wannan kuwa ba shi da tsallake, sai ruri yake, manyan jirage na tsaye can nesa kamar gidajen bene. Lokacin la'asar na tsuguna zan yi alwala, na kamfato na kurkure baki. Gishiri! Na tofar ina tari, Sista tana dariya har da riƙe ciki, igiyar ruwa ta zo ta jiƙa min zani zuwa gwiwa. Rabona da irin wannan dariyar tun kafin Malam ya kwanta.

Da safe masunta suka jawo kwalekwale, kifi na ta tsalle a raga. Sista ta zaɓa, wata mata ta gasa mana a kan garwashi da barkono. Aka kawo jatan lande da kaguwa. Na ɗan yi turus da ganin ƙafafun, sai na tuna ni ce mai cinye kwanon fara da yaji ban taɓa yamutsa fuska ba. Na fasa, na tsotse, na nemi ƙari. Kwana shida na yi. Ranar rabuwa mun yi kuka sosai, don mun san da wuya mu sake ganin juna.

Na dawo da sati ɗaya aka yi sunan jikata a Tarauni. Ina shiga falo surukar ɗana, wato kakar jaririyar, ta tare ni a gaban mata.

"Hajiya, ya mai jiki? An ce kin je jinya Zariya."

Nan na gane. Yaron nan ya rasa yadda zai faɗi inda uwarsa ta je, ya ƙirƙiro min mara lafiya. Ga shi tsaye a bakin ƙofa ya shigo da ruwan roba, yana roƙona da ido. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san in na ce "da sauƙi" shi ke nan, daga ranar duk inda zan taka sai ya wanke shi kafin mutane su ji.

"Ban je Zariya ba," na ce. "Teku na je gani. Na ci kaguwa, na ci jatan lande, kuma Allah ya nuna min baɗi na koma."

Wata ta yi salati a hankali.

Shi ya mayar da ni gida bayan magariba, muka iso ƙofa. Ya kashe mota.

"Umma, kin kunyata ni a gaban surukaina."

"Ni ka fara jin kunya," na ce. "Idan na mutu, kai za ka sa ni a rami, na yarda. Amma ba tun ina numfashi ba."

Na buɗe ƙofar motar da kaina na fita. Sati uku bai zo gaishe ni ba, kuma kewarsa ta dame ni ƙwarai. Ban aika a kira shi ba.