Zaren da Kawu Ya Zo da Shi Daga Kwatano

Ran kasuwar da ta wuce na tsaya wajen mai koli a Gidan Rumji zan sayi allura, sai ya miƙo mini wani ƙullin zaren roba, fari mai sheƙi irin na fatsa, wai ko ina so. Ban san lokacin da na janye hannuna ba. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai ba maciji ba ne." Na karɓi allurata na wuce. Da zai ture awarwaron da ke hannuna na hagu, da ya ga tabon da ya zagaye wuyan hannun, siriri kamar an zana da reza. Na haifi 'ya'ya, na aurar, amma har yau in na ga zaren nan sai na kau da kai.

Ƙauyenmu yana bakin Gulbi, tsakanin Tibiri da Gidan Rumji. In ka zo da rani za ka ce ƙarya muke yi, don ba abin da za ka gani sai rairayi, jakuna suna birgima a ciki, mata suna tonon ruwa da ƙoƙo. Da damina kuwa wani abu ne daban. Kuma mugun halin Gulbi shi ne, ba da ruwan samanmu yake cika ba. Sai a yi ruwa can kudu, ƙasar Katsina, mu nan rana tana dukan ka, ba ko ɗigon hadari, kawai ka ji ƙugi daga gabas, kafin ka tattara tulunka ya iso.

A hannun Kaka na tashi, wadda ta haifi Innata, don tun da aka kai ni yaye wurinta ta ƙi mai da ni. 'Yar tsohuwa ce siririya mai faɗan tsiya, awakinta bakwai, laujenta ɗaya, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Kullum da hantsi muna bakin Gulbi tana yankan ciyawa. Kafin ta sunkuya sai ta kafa karan dawa daidai inda ruwa ya tsaya, ta riƙa ɗagowa tana dubansa. In ruwa ya hau karan ko da yatsa ɗaya ne, an tashi ke nan. Ta kuma koya mini duban kumfa. Ta ce in na ga jar kumfa tana tafe da kashin awaki da tsinkayen da ba na gonakinmu ba, baƙon ruwa ne ya aiko da sallama, in gudu ko zanena bai ɗauru ba.

Ina shekara tara ko goma autanta ya dawo daga Kwatano, bayan shekara bakwai ba a gan shi ba. Kawu ya zo da rediyo, da wata hula mai baki, da gwangwanin madara da aka naɗe da zare fari, ƙugiyoyi uku a bakinsa. A can, in ji shi, in ya tashi daga dako sai ya bi masunta bakin teku. Ba jirgi suke shiga ba, a kan yashi suke tsayawa, su juya zaren bisa kansu su cilla shi bayan inda igiyar ruwa take fashewa. Akwai wani kifi fari mai kama da giwan ruwa da yake biyo kumfar, in ya kama sai ka ji kamar ɗan maraƙi ka ɗaure. Shi ya sa suke ɗaure ƙarshen zaren a wuyan hannu, kada kifi ya tafi da shi. Ya ce ruwan can yana da lokacinsa, ya zo ya koma, kowa ya san sa'arsa. Ya ba samarin gari zaren su ja, mutum biyu nan biyu can, bai tsinke ba.

Ni dai na mutu a kan Kawu. Duk inda ya sa ƙafa ina bayansa, har Kaka ta fara kirana jelar Kwatano. Da ya ce zai gwada fatsarsa a Gulbi, ta dube shi sheƙeƙe ta ce, "Kai wanga yaro, Gulbi ba shi da sa'a." Ya yi dariya ya ce wanda ya ga teku ba ya tsoron kwatami. Ta ce to, ta ci gaba da wasa laujenta.

Kwana huɗu yana kamo tarwaɗa, har Kaka ta fara sassautowa, don ita ma tana son romo. Rana ta biyar gero ya fara fid da kai, sama wasai, ba iska. Muka sauka tare mu uku. Kaka ta kafa karanta ta nufi wata fadama can baya inda ciyawa ta fi tsawo. Ni da Kawu muka tsaya kan gaɓa, ƙarƙashin wata goriba, ruwan a ƙasa da mu yana tafiya a hankali, iyakarsa cinya.

Ni na roƙe shi. Wannan ban taɓa ɓoye wa kaina ba. Na dame shi sai ya ɗaura mini zaren in ji yadda kifi yake taɓawa, har da kukan ƙarya. Ya gaji ya kwance daga hannunsa ya ɗaura a nawa, ya yi irin ƙullin masuntan can wanda in aka ja sai ya ƙara matsewa. Na ji daɗi har ina taka rawa. Ba a jima ba ƙugiya ta maƙale a wata saiwa tsakiyar ruwa. Ya ja, ya girgiza, ta ƙi. Ƙugiyar teku ce, ba a samun irinta ko a Maradi. Ya tuɓe riga ya ce in tsaya nan kada in motsa, ya gangara yana bin zaren da hannu.

Yana tsakiya na ga kumfar. Ja ce, da kashin awaki birjik a kanta, tana juyawa ta wuce gefensa. Na waiwaya wajen karan Kaka, ban gan shi ba. Sai da na ji ƙugin nan daga gabas sannan na fasa ihu ina kiran Kawu. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi gabas. Na ga ya tsaya cak, kamar mai jiran igiya ta buge shi ta koma yadda ya saba. Wannan ba ta koma ba.

Ruwan ya kwashe ƙafafunsa. Ya nutse, ya ɓullo, ya damƙi abin da ke hannunsa, wato zaren. Sai na ji an fizge ni na kifa da fuska. Ƙasa ta cika mini baki, ina tafiya a kan ciki zuwa bakin gaɓa, hannuna miƙe a gabana kamar ba nawa ba. Da ɗayan hannun na cafki gindin kaba, ƙayarta ta shige mini tafi, ban saki ba. Zaren ya nutse cikin nama. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙirjina ta fara tsagewa tana zubawa cikin ruwa gutsure-gutsure. Tsoron da na ji ran nan ban sake jin irinsa ba, ko a kan gwiwar haihuwa.

Ban ga zuwan Kaka ba, sai jin nauyinta na yi ta faɗo kan bayana. Ta yar da lauje ta kama zaren da hannu biyu tana ja, tana kiran sunan Kawu na yanka, sunan da ban taɓa jin ta faɗa ba. Zaren ya yanka tafukanta, jini ya biyo shi. Tsohuwa da yarinya ba su iya ja da Gulbi. Muka ƙara zamewa, kaina ya leƙa ƙasa, na ga jan ruwa yana tafasa, na ga kan Kawu can nesa, bakinsa a buɗe, hannunsa naɗe da zaren. Kaka ta dube shi, ta dube ni. Sai ta lalubo laujen.

Sara ɗaya ta yi. Hannuna ya dawo ya bugi fuskata. Ta ja ni da ƙafa har gindin goribar, kuma muna isa, sai inda muka kwanta ɗazu ya rufta gaba ɗaya.

Mazan gari sun bi gaɓa da gudu, wasu bisa jakuna. Sai kwana biyu aka same shi, can yamma da Gidan Rumji, cikin rassan wani itace, zaren yana naɗe a hannunsa. Da aka zo gaisuwa kowa cewa yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba wanda ya ga laifin Kaka, ba wanda ya ga nawa, ko kuma sun gani sun yi shiru. Ita dai ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta sayar da awakin nan ɗaya bayan ɗaya, laujen kuma ya yi tsatsa a saƙale jikin danga. Ba ta taɓa yi mini maganar ranar ba, ni ma ban yi mata ba, muna ɗaki ɗaya har aka kai ni gidan miji.

Ina goyon fari aka aiko ciwonta ya yi tsanani. Na zauna bakin tabarmarta. Ta kamo hannuna na hagu, ta ture awarwaron, tana shafa tabon da babban yatsa. Can ta ce, a hankali, "Ke ɗiyata, shi ya ce in yanke, ko? Bakinai a buɗe shike. Ke kina kusa, kin jiya?"

Na ce, "Na jiya, Kaka. Cewa ya yi, Inna yanke."

Ta lumshe ido ta ce alhamdulillahi. Kwana uku bayan haka ta cika.

Yanzu Gulbi ba ya cika kamar da, kuma in ruwa zai zo, sai a bugo salula daga Maradi a ce a kwashe yara. Jikokina suna zuwa can wanka in an tashi daga lakol, wato makarantar boko, suna yi mini dariya in na bi su da kara a hannu ina kafawa. Ina barin su su yi dariyarsu. Amma kai da kake karanta wannan, zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa a gidanmu ba. Ran nan ƙugin ruwa ya toshe mini kunne. Na ga bakin Kawu yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ko cewa yake a yanke, ko cewa yake a ja, Allah kaɗai ya sani, kuma duk damina sai na sake duban bakin nan.