Gaisuwa a layin Yamai

Bayan na gama lise, wato sakandare, na samu staj na koyon aiki a tur ɗin filin jirgi, ɗakin gilashin nan da ake ba jirage umarni. Aikina layin Yamai ne: in ɗauki tarho, in karɓi bayanin jirgin da ke tahowa, in faɗa wa shef, shugabanmu. Layin nan yana da jinkiri. Sai ka gama magana ka yi shiru, sannan muryarka ta isa can.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo ta wajen garin Takieta. Wani ƙaramin jirgi ya tashi ya nufi yamma, wani babba kuma na tahowa daga Yamai, ya kauce hanya saboda hadarin. Dole shef ya san tsayin da babban yake, kada su yi karo.

"Tambayo min tsayinsa, maza!"

Na kira tur ɗin Yamai. Muryar dattijo ce, sa'an mahaifina. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Baba, ina wuni?"

Shiru. Can amsa ta iso: "Lafiya lau, 'yata. Ya gajiya?"

A gidanmu a Zango ba a katse babba. Na amsa, na soma tambayar tsayin, daidai lokacin da "ya mutanen gida" tasa ta iso. Na tsaya. Shi ma ya tsaya, kowa na jiran wani.

Direban ƙaramin jirgin na ta kira a rediyo yana neman izinin ƙara sama. Shef ya daka masa tsawa ya tsaya a tsayin da yake, ya fizge tarhon daga hannuna, ya yi tambayar ba ko sallama. Da amsa ta iso, ashe tsayin da ƙaramin ke nema, nan babban yake.

Suka wuce juna lafiya. Aka kawo shayi, shef ya kurɓa, ya dube ni. Da ma ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai: "Ƙanwata, nan sama sai jirgi ya sauka ake gaisawa."

Har yau in tarhon ya yi ƙara sai in tuna ranar nan. Dattijon bai san abin da ya faru ba, yana nan yana ce min "ina wuni, 'yata". Ni kuwa tsayin jirgi nake tambayarsa, gaisuwar tasa ba na amsawa.