Kujerun Reshen Radom

A ɗakin shan shayi na tashar jirgin ƙasa ta Radom, Bożena na neman wurin zama sai ta hangi wani dattijo shi kaɗai a tebur, kujerun da ke kewaye da shi ba kowa. Kwat ɗinsa ta sha guga har tana ƙyalli. Bożena ta gane bajon da ke ƙirjinsa: na wata jam'iyyar masu sassaucin ra'ayin riƙau ne, wadda ta watse bayan zaɓe ɗaya, manyanta duk suka sauya sheƙa. A gabansa, kan farin hankici, ga opłatek, siririn biredin da mutanen Poland ke gutsura tare gab da Kirsimeti.

"Baba, in ɗauki kujera ɗaya?"

"Da masu su, 'yata. Yau taron reshenmu ne."

Da an turo ƙofa sai ya miƙe ya gyara wuyan riga, sannan ya koma ya zauna. Ƙila shi ne sakataren reshen, kuma ba wanda ya tuna ya gaya masa reshen ya watse.

Ana kiran jirginta, sai ya miƙo mata biredin.

"Kama gefe, don Allah. Mutum ɗaya ba ya karya shi."