Nan-Gaba da Gemun Babansa

Tun yana yaro aka laƙaba masa Nan-Gaba, domin ko shara aka sa shi sai ya jingina tsintsiya ya yi maka bayanin injin da zai riƙa shara nan gaba. Haka ya girma, baki ya riga hannu ƙwari. Da ƙyar ya koyi gyaran waya, ya kama wani ɗan shago a bakin titi mai cike da matattun caja da fasassun gilasan waya. In ka kai masa gyara, ka yi sallama da wayarka. Lacca kuwa kyauta ce, ko ba ka tambaya ba.

Laccar tasa guda ɗaya ce. Wai ana dab da ƙera wata na'ura da za a maƙala wa mutum a bayan kunne, tunaninka ya wuce kai tsaye cikin kan ɗan'uwanka, ba baki ba waya.

"Magana ta zama tsohon yayi," in ji shi, yana nuna masu zaman benci da sukudireba. "Nan gaba, kafin ka ce ruwa, matarka ta kawo."

Mutumin da ke shelar mutuwar magana ke nan, alhali tun safe bai bar kowa ya sa baki ba.

Babansa tsohon direban bas ne, mutum mai tsafta har ta yi yawa. Duk tsawon aikinsa ba wanda ya taɓa ganin gashi a haɓarsa. Shi ya tsayar da Nan-Gaba gaban madubi lokacin da gemu ya fara tsiro masa, ya riƙe masa hannu ya koya masa jan reza. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da tsohon, sai hannun dama ya mutu, baki ya karkace, harshe ya ƙi motsi. Auta, ƙanwar Nan-Gaba, ita ta tare a ɗakin: juyi, wanki, ba da abinci a cokali, duk ita.

Nan-Gaba yakan leƙo. Ba ya zama, wai shago na jira. Yana shigowa Baba zai ɗaga hannun hagu ya shafa haɓarsa, inda farin gashi ya fito cirko-cirko, ya kafe ɗansa da ido.

"Kin gani?" in ji Nan-Gaba, har da tsigar jiki. "Dubi yadda yake shafa gemu. Tunani ne mai zurfi ya maƙale a ciki. Wayyo, da na'urar nan ta fito!"

"Yaya, aski yake so," in ji Auta.

"Aski?"

"Na kira mai aski, ya juya fuska bango. Ba ya son baƙo ya ga yawu na zuba a bakinsa. Ni kuma in na ɗauko reza sai ya riƙe mini hannu, kunyata yake ji. Kai yake jira."

Nan-Gaba ya yi dariyar da ake yi wa yara. Shi fa ya riga ya tsara abin da ke cikin kan Baba: wasiyya ce mai nauyi, da neman afuwa kan duk ranar da ya kira shi malalaci, da shaidar cewa a gidan nan kaf shi kaɗai ne mai hangen nesa. A zo a ce masa duk wannan gemu ne? Ai raini ne ga Baba.

"Ke matsalarki ƙaramin tunani," ya ce. Sannan ya zaro waya ya kanga wa tsohon a fuska, yana nuna masa bidiyon wani kan roba da aka jona wa wayoyi. "Baba, ka daure kaɗan. Nan gaba ni da kai za mu yi hira ba baki."

Baba ya rufe ido. Nan-Gaba ya ce alamar ya gamsu ke nan.

Gemu ya ci gaba da tsawo, abinci na maƙalewa a ciki, Auta na gogewa da tsumma tana kawar da kai don kada ya ga hawayenta. Abokan aikin Baba na dā suka zo dubiya, tsohon ya ja zani ya rufe fuska har suka tafi. Auta ta sake yi wa yayanta magana, ya ce zai zo da sabuwar reza in ya samu sarari. Sararin zuba wa masu benci surutu dai bai taɓa yanke masa ba.

Ranar da Baba ya cika, Nan-Gaba ya iso da kukansa mai ƙara, wanda ake ji tun daga bakin titi. Da ya buɗe fuskar gawar sai kukan ya tsaya. Gefe ɗaya na haɓar an kankare shi rabi-rabi, duk ƙananan yanka, jini ya bushe a kai. Ɗaya gefen gashi ne ya cunkushe.

"Wane mugun ne ya yi masa wannan?"

Auta ta sa hannu ƙarƙashin matashin kai ta zaro tsohuwar rezar Baba, ta aza masa a tafin hannu.

"Shi ya yi da kansa, da hannun hagu, lokacin da na fita shanya. Ban san yadda ya kai ga durowa ba." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ga abin da ke cikin kansa nan, Yaya. Kai wa masu na'urarka."

Ya tsaya riƙe da rezar. Kunya ta kama shi, gaskiya ne, amma ba ta daɗe ba.

Yana nan a shagonsa har yau. Rezar tana cikin durowa tare da kumburarrun batura. In sabon mai kawo gyara ya zauna a benci, Nan-Gaba yakan yi ajiyar zuciya, ya girgiza kai.

"Babana ya rasu da magana a bakinsa," yakan ce. "Da na'urar nan ta fito da wuri, da na san abin da yake so ya gaya mini."