Waƙar da Na Kai wa Mai Ita

A zamanin ƙuruciyata, in mutum ya tsara waƙar wa'azi yana son ta wuce zauren gidansu, sai masu juyar littattafai, wato masu kwafar su da hannu, sun yarda sun juya ta. Takarda kuwa daga arewa fatake ke kawo ta, ba mai ɓata ta a kan maganar yaron da ba a san shi ba. Shi ya sa kowa a Haɗeja ya san wani dattijo dillalin littattafai da ke zama a bakin kasuwa da gafakokinsa. Yana zuwa Kano, yana zuwa Barno, ya san wanda hannunsa ke da kyau, ya san attajirin da zai sayi takarda don neman lada. In ya ɗauki abinka, ya tafi ke nan. In ya ƙi, sai gara ta ci.

Shekarar da ruwa ya cika ya shanye gonakin shinkafa har gindin ganuwa, na tsara doguwar waƙa da ajami a kan mutuwa da ƙarewar duniya. Gemuna bai gama fitowa ba a lokacin. Baitocin suna zuwa mini a sauƙaƙe, wani lokaci kafin in tsoma alƙalami a tawada baitin ya riga ya kammala a bakina. Na ɗauka baiwa ce.

Na kai wa dillalin. Ya karanta a tsanake, yana motsa leɓe, sannan ya dube ni.

"Kai ka yi wannan, ɗana?"

"Ni na yi, Baba."

"Malaminka ya gani?"

Na ce bai gani ba, so nake ya ji ta a bakin mutane.

Ya ce, "Ni ba malami ba ne, dillali ne. Kunnena ya ce tana da daɗi, amma kunnena ba hujja ba ne. Ba na kai wa masu juya abin da babba bai sa wa albarka ba. Akwai wani shehin malami a Kafin Hausa, ya san kari da ƙafiya. In ya ce to, zan tafi da ita Kano da kaka. Amma kada ka faɗa wa kowa tukuna."

Kafin la'asar duk unguwarmu ta ji cewa waƙata za ta Kano. Ni na faɗa.

Muka tafi tare ranar da zai kai wa malamin wani littafi. Ruwa bai janye ba, sai da masunta suka haye da mu, dillalin ya ɗora gafaka a ka, ni na rungume takarduna a ƙirji. Dinya da belbela sun cika fadama, amma ban kula su ba, ina ta maimaita baitocina a zuci.

Mun sami malamin a zaure da hantsi, a kan buzu, ɗalibai manya sun kewaye shi. Tsoho ne ƙwarai, idonsa ya yi rauni, don haka ya ce in rera da bakina. Dillalin ya gabatar da ni da kalamai masu nauyi, har ya ce ya daɗe bai ga yaro mai irin wannan harshe ba.

Na fara. Farkon waƙar a kan ambaliyar ne, yadda ruwa ya shiga rumbun maƙwabcinmu cikin yini ɗaya. Malamin yana gyaɗa kai. Da na shiga baitocin kabari, waɗanda na fi alfahari da su, sai na ga wani ɗalibi ya ɗaga kai ya dubi ɗan'uwansa. Na ci gaba. Can na ji wata murya ƙasa-ƙasa tana bin tawa. Malamin ne. Na faɗi rabin baiti, ya ƙarasa. Na shiga na gaba, ya riga ni. Sai na tsaya.

Ya ce, "Ci gaba mana."

Na kasa.

Ya tambaye ni ɗan wane gida ne, na faɗa. Ya tambayi garin mahaifiyata, na ce ai 'yar nan Kafin Hausa ce, tana ƙarama aka kai ta Haɗeja.

Ya yi murmushi ya ce, "Shi ke nan. Ina saurayi na yi waɗannan baitoci, don matan gidanmu su riƙa rerawa a kan dutsen niƙa. Ban taɓa rubuta su ba. Ashe sun haye kogi."

Nan take na ji muryar mahaifiyata, tana niƙa ina kwance a bayanta. Ta rasu ina ƙarami, na manta fuskarta, na manta tana waƙa. Abin da na ɗauka baiwa ce, ashe ajiya ce.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ban sani ba."

Ya ce, "Na sani. Ɓarawo ba ya kawo wa mai kaya kayansa."

Ɗaliban suka yi dariya kaɗan, ba ta mugunta ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka kawo mana fura, ya matso da ita gabana da hannunsa. Ban iya duban dillalin ba, mutumin da ya yabe ni a gaban manya da sunansa da mutuncinsa.

A hanyar komawa muka haye ruwa, muka hau tudu. Sannan dillalin ya ce, "Ka ga amfanin zuwa. Da na kai ta Kano an juya, da sunanka a ƙarshe, wa zai bi gari gari ya goge?"

Abin da ya fi wuya yana jirana a gida. Duk wanda na haɗu da shi sai ya ce, "Malam ƙarami, yaushe za a Kano?" Kawuna ya riga ya faɗa a masallaci. Na daina bin hanyar kasuwa, nakan zagaya ta bayan marina don kada in wuce gaban gafakokin nan. Malamina ya ji labarin daga wani wuri, bai taɓa yi mini maganar ba har ya bar duniya, kuma kullum na zauna gabansa ina jiran ya yi.

Da rani dillalin ya zo gidanmu da kansa. Ya ce malamin Kafin Hausa ne ya aiko shi: baitocin farko, na ambaliya, nawa ne, kuma ba su da laifi, sai dai kari ya karye a wuri biyu. In gyara in ba shi. Na ce a bar maganar. Ya ce shi bai zo lallashi ba, kaya ya zo karɓa. Na gyara na ba shi. Ba su cika fuska ɗaya ta takarda ba. Wani mai juya a Kano ya sa su a bayan wani littafi inda fili ya rage, ban ma yarda a sa sunana ba.

Yanzu na tsufa, samari kan kawo mini abin da suka tsara, suna son in haɗa su da masu juya. Nakan ce su rera wa tsofaffin matan gidansu tukuna, sannan malaminsu, kuma kada su sanar da unguwa sai tawada ta bushe a hannun wani. Baitin da ya zo musu ba wahala, nakan ce su tsaya su tambayi kansu inda suka taɓa jin sa. Yawancinsu ba sa jin daɗin wannan magana. Wasu sukan tafi wurin wani malamin.