Sukarin Gindin Buhu

Ku matso, jikoki, ku ba ni kunnenku. Ɗazu ƙudan zuma ya sauka bakin kofina, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Zamanin Nasara ne, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, fure ya ƙone, ƙudan amyoyinsa suka fara gudu. Ya ɗora ni kan jaki sai Magariya, neman sukarin da zai ba ƙudan. Sukari mai kyau ya fi ƙarfinmu, sai ya sayi ɓarɓashin gindin buhu, mai warin kananzir.

"Malam, wannan ko jakinka ba zai lasa ba," in ji mai kanti.

"Shekara goma ƙudan nan suna ciyar da 'ya'yana, Alhaji. In bar su da yunwa?" in ji Baba.

Da muka koma gida ya jiƙa shi cikin ƙwarya, ya tace da gefen rawaninsa, ya ajiye gindin gawon da amyoyin suke. Suka sha. Kwana uku muka iske su zube a ƙasa, kananzir ya kashe su. Baba ya tsuguna yana tattara su a tafin hannunsa.

Bai sake ɗaura amya ba har ya rasu. Mai kanti ya koma Kano, ni kuwa ga ni na tsufa. Allah Ya shayar da Baba zumar Aljanna.