Faifan Muryar Kakata

Damina biyu na yi ina hawa babur zuwa Kirikasamma don in ɗauki muryar kakata. Tana gyaran kifi a tsakar gida tana ba ni labarin yadda iyayenta suka taso daga bakin Tafkin Chadi, Hausarta na gauraye da Barbarci. Duk na tara a faifan ajiya guda, irin wanda ake jona wa kwamfuta da 'yar igiya.

Sati uku bayan rasuwarta, ina zaune a shagona a Hadejia ina kwafe muryoyin zuwa kwamfuta, sai ɗan kawuna ya shigo daga Miga. Taubashina ne, komai nawa abin wasa ne a wurinsa. Na fita alwala, shi kuma ya fizge igiyar faifan ya soka ta cajin wayarsa.

Da na dawo na mayar, faifan sai ƙas-ƙas yake yi. Irin wannan faifan ba a fizge shi yana aiki. Sai an umarci kwamfuta ta sake shi, an jira fitilarsa ta daina ƙyaftawa. Na kai shi har Kano, masu gyara suka ce ya tafi.

"Haba taubashi," in ji shi yana dariya, "surutun tsohuwa ne fa."

Wannan maganar ce na riƙe, fiye da ɓarnar.

Shekara ta zagayo, ya zo da nasa faifan. Hotunan bikinsa ne a ciki da takardun gonar shinkafarsa ta Auyo, yana so in kwafe masa. Na karɓa da fara'a. Na jona, na jira aiki ya kai tsakiya, fitila na ƙyaftawa. Na dube shi ido cikin ido, na fizge igiyar da ƙarfina.

Ya miƙe tsaye. "Me ka yi haka?"

"Hotuna ne fa, taubashi."

Ya mayar da igiyar. Faifan ya buɗe lafiya lau. Ko hoto ɗaya bai ɓace ba.

Ya tattara kayansa ya fita ba sallama. Kawu ya kira ni ya yi mini faɗa, na ba shi haƙuri don girmansa. Amma ban yi nadama ba. Abin da ke cina har yau shi ne nasa bai mutu ba.